Idan An Ɗaure Marar Laifi, Mai Laifin Yana Ina?

Na san wasunku daga kasuwa kuka wuto nan, wasu daga lakkal, wasu kuma sun jingine kabu-kabu a bakin ƙofa, duk mintin da suka yi a nan asarar fasinja ne. Don haka ba zan yi ta kewaye-kewaye ba.

Da na gaya wa abokaina a fada cewa a kan ƙagaggun labarai zan yi magana yau, ɗaya daga cikinsu sai da ya ajiye kofin shayinsa ya dube ni. Ya ce, "Haba abokina, ga tsadar hatsi, ga rashin aiki, ga matsalar tsaro, ka rasa abin da za ka kawo mana sai tatsuniyar Turawa?" Na ce masa ya zo ya saurara, in na gama bai ga inda abin ya shafe shi ba, shayin sati guda a wuyana. Ga shi can zaune a baya, shi ne alƙalinmu yau.

Littattafan guda huɗu ne. Wani marubuci ɗan Ingila mai suna David Peace ya rubuta su, suka fito ɗaya bayan ɗaya daga 1999 zuwa 2002. Sunayensu shekaru ne kawai: 1974, 1977, 1980, 1983. A haɗe ana ce musu Red Riding. An fassara su zuwa Faransanci, da shi ma na karanta su lokacin ina jami'a, kuma a 2009 gidan talabijin na Channel 4 ya yi fim uku daga cikinsu. Irin labaran nan ne da masu Faransanci ke kira polar, wato labarin laifi da bincike. Sai dai wanda ya saba da polar ɗin da ake kashe mutum a shafin farko, jarumin ɗan sanda ya cafke mai laifi a shafin ƙarshe, kowa ya kwana lafiya, to nan zai sha mamaki. Ina gargaɗinku tun yanzu, littattafai ne masu nauyi, cike da jini da zagi da azabtarwa. Ba na yara ba ne. Ni kaina sau biyu ina ajiye na farkon in fita shan iska.

Labarin a Yokshiya yake faruwa, wani yanki na arewacin Ingila, inda garuruwan Lids da Bradfod suke. E, Lids ɗin nan da kuka sani a ƙwallo. A nan aka haifi Peace a 1967, a nan ya tashi, a wani ƙaramin gari da ake kira Ossett. Yana can Tokiyo ta Japan ya rubuta littattafan, amma ƙuruciyarsa ya rubuta.

A littafin farko wani matashin ɗan jarida ne, Eddie Dunford, yake bin sawun ƙananan ƴan mata da ke ɓacewa. Yana cikin tono sai ya iske wani attajiri mai harkar filaye da gine-gine, da manyan ƴan sanda, da ƴan siyasar gari, duk kwano ɗaya suke ci. Ƴan sanda suka kama wani bawan Allah mai raunin hankali, Michael Myshkin, suka matsa masa har ya amsa laifi, aka ce an gama. A na biyu wani mai kisan ɗauki ɗai-ɗai ya addabi mata, kuma ana ta zargin cewa ba duka gawarwakin ba ne nasa, akwai waɗanda suka fake da shi suka kawar da mutanen da suka san asirinsu. A na uku an turo wani babban jami'i mai gaskiya daga Manchesta, Peter Hunter, ya duba yadda binciken ke tafiya. Aka ƙona masa gida, aka ɓata masa suna, aka dakatar da shi daga aiki. A na huɗu wani ƙaramin lauya da babu wanda ke ganinsa da gashi, da wani tsohon ɗan sanda da zuciyarsa ta hana shi barci, su ne suka koma kan maganar Myshkin.

Wannan shi ne ƙagaggen. Yanzu ga abin da ya faru da gaske, wanda a ganina ya fi littafin ban tsoro.

Daga 1975 zuwa 1980, wani mutum mai suna Peter Sutcliffe ya kashe mata 13 a Yokshiya da Manchesta, ya kuma yi yunƙurin kashe wasu 7. Direban babbar mota ne a Bradfod, yana da mata, yana da gida, maƙwabta suna gaisawa da shi. Da guduma yake fara dukansu a ka. Ƴan sanda sun yi masa tambayoyi har sau 9 a cikin waɗannan shekaru, sau 9 suna sallamarsa. Ku riƙe wannan lambar. Yaya aka yi haka ta faru?

Abu na farko, tun daga gawar farko suka yanke cewa mutumin nan karuwai yake kashewa. Wadda aka fara kashewa a Lids, a watan Oktoba na 1975, uwar yara huɗu ce. Maimakon a tsaya kan yadda aka kashe ta, sai aka koma kan me ya fitar da ita da dare, me ta sha, wa take bi. Da wannan tunani ya zauna musu a kai, duk matar da aka kai wa hari ta tsira, in ba mai zaman kanta ba ce, sai a ce ai wannan ba aikinsa ba ne. Akwai yarinya mai shekara 14 da ya rotsa wa kai da guduma a watan Agusta na 1975, wata biyu kafin kisan farko. Ta rayu, ta bayyana kamanninsa da gemunsa da irin maganarsa. Ba a sa ta cikin lissafi ba. Sai a 1992, yana tsare, shi da bakinsa ya ce shi ne.

A watan Yuni na 1977 ya kashe wata yarinya mai shekara 16, mai aiki a kanti. A nan ne jaridu da ƴan sanda suka fara cewa yanzu kam ya taɓa "marar laifi". Kun ji fa. Ke nan waɗanda suka riga ta mutuwa masu laifi ne. Har a kotu a 1981, babban lauyan gwamnati ya yi maganar da ke nuna cewa abin da ya fi baƙin ciki shi ne wasu daga cikin matan ba karuwai ba ne. Ƴaƴan waɗancan matan suna raye, suna ji.

Abu na biyu, kaset. A watan Yuni na 1979 wani ya aiko wa shugaban binciken, George Oldfield, kaset ta gidan waya, yana yi masa ba'a, yana cewa shi ne mai kisan. Masana harshe suka saurara suka ce wannan lafazin mutanen Sandalan ne, gari mai nisan fiye da kilomita 100 daga Bradfod. Shi ke nan, manya suka rungumi kaset. Aka yi ta sa muryar a rediyo da talabijin, aka buɗe lambar talho da mutum zai kira ya saurara, aka kashe kuɗi masu yawa wajen talla. Matan da suka tsira suna cewa wanda ya kai musu hari da lafazin nan gida Yokshiya yake magana. Kamar a ce mata uku sun rantse Badamagare ne ya tare su, komisa ya ce a'a, shi Ba'adare yake nema, duk wanda bai da harshen Tawa a sake shi. Su kansu masanan harshen daga baya sun yi gargaɗin cewa mai kaset ɗin zai iya zama maƙaryaci. Ba a ji ba.

A watan Yuli na wannan shekarar wani ƙaramin jami'in bincike ya je gidan Sutcliffe, ya dawo ya rubuta rahoto cewa mutumin nan ya yi kama ƙwarai da hoton da aka zana bisa bayanin wata da ta tsira, a ƙara bincikarsa. Aka jefa rahoton gefe, don lafazinsa bai dace da kaset ba, rubutun hannunsa bai dace da wasiƙun mai kaset ba. Bayan isowar kaset ɗin nan ya ƙara kashe mata uku. Mai kaset kuwa wani ne can daban, John Humble, wanda bai kashe kowa ba, wasa yake yi da rayukan mutane. Sai a 2005 aka gano shi ta gwajin ƙwayoyin halitta, ADN, daga yawun da ya liƙe ambulan da shi, aka ɗaure shi shekara 8 a 2006.

Abu na uku, takardu. Duk bayanan a kan ƙananan katuna ake rubuta su da hannu. Sun yi yawan da sai da aka ƙara wa benen ofishin da ke Lids ƙarfi don kada ya rufta. Sunan Sutcliffe yana ciki a wurare daban-daban, amma wanda ya je masa tambaya yau bai san an je jiya ba.

To wa ya kama shi? Ranar 2 ga Janairu 1981, a garin Shefild, ƴan sandan sintiri biyu, ɗayansu ma sabon shiga ne, suka ga mota a tsaye cikin duhu da mace a ciki. Suka duba lambar motar suka ga ta jabu ce. Ya roƙi a bar shi ya kama ruwa, ya zagaya ya ɓoye guduma da wuƙa. Washegari sajen ɗin ya tuna da wannan zagayawar, ya koma wurin, ya same su. Lambar mota ce ta kama shi. Ina so ku yi tunani, da a ce a daren nan ya miƙa musu ɗan na goro sun ce ya wuce, matar da ke cikin motar nan da ita ce ta 14.

Yanzu Michael Myshkin na littafi. Shi ma akwai mutumin gaske a bayansa, sunansa Stefan Kiszko. Ma'aikacin ofishin haraji ne a garin Rochdel, shekararsa 23, babban mutum a jiki amma halinsa na yara, daga shi sai uwarsa. A watan Oktoba na 1975 aka sace wata yarinya mai shekara 11 da uwarta ta aika kanti, aka kashe ta, aka yar da gawar a daji. Gari ya ɗau zafi, ana son a ga an kama wani. Wasu ƴan mata suka ce Kiszko ya taɓa yi musu rashin ɗa'a a hanya. A watan Disamba aka kama shi, aka yi kwana uku ana masa tambayoyi babu lauya. Ya sa hannu a takardar amsa laifi. Daga baya ya ce ya sa hannun ne don ya ɗauka in ya yi haka za a bar shi ya koma gida wurin uwarsa, su kuma ƴan sanda in sun bincika za su ga ba gaskiya ba ne. A watan Yuli na 1976 aka yanke masa ɗaurin rai da rai.

Iyaye ku gafarce ni, dole in faɗi wannan. A jikin tufafin yarinyar an samu maniyyi mai ɗauke da ƙwayoyin haihuwa. Kiszko kuwa yana da larurar da jikinsa ba ya iya samar da waɗannan ƙwayoyin ko kaɗan. Gwajin da ke nuna haka an yi shi tun kafin shari'a, amma ba a kai shi gaban kotu ba. Ya yi shekara 16 a tsare. Ƴan kaso sun yi ta dukansa saboda irin laifin da aka ce ya yi, har ya samu taɓin hankali. Uwarsa ce kaɗai ba ta daina yawo da takardu ba, daga wannan ofishi zuwa wancan, har ta samu lauyan da ya yarda ya sake tono maganar. Ƴan matan nan suka dawo suka ce ƙarya suka yi. A watan Fabrairu na 1992 kotun ɗaukaka ƙara ta wanke shi. A watan Disamba na 1993 ya rasu yana da shekara 41, uwarsa ta bi shi bayan ƴan watanni.

Ga tambayar da na zo da ita yau. Duk shekarun nan da Kiszko yake kulle, wanda ya kashe yarinyar yana ina? Yana gari, yana tuƙa taksi. Sunansa Ronald Castree. A cikin 1976 ɗin nan da aka ɗaure Kiszko, an gurfanar da shi kan lalata da wata yarinya mai shekara 9, aka ci shi tarar fam 25, ya tafi gida. Ba wanda ya haɗa shi da kisan farko, don a wurin hukuma an riga an rufe dosiye. Sai a 2007, shekara 32 bayan kisan, ADN ya kai shi gidan kaso. An bar jaki, an yi shekara 16 ana dukan taiki.

Ɗaya daga cikin jami'an da suka karɓi amsa laifin Kiszko, Dick Holland, shi ne kuma ya zama ɗaya daga cikin manyan masu binciken kisan Sutcliffe. A 1994 an tuhume shi tare da wani masanin gwaje-gwaje da ɓoye hujja, amma kotu ta dakatar da shari'ar saboda daɗewar lokaci, ba a taɓa samunsa da laifi ba.

A nan dole in yi adalci, don mu masu fafutuka in muka fara cakuɗa gaskiya da ƙage, mun kashe kanmu da kanmu. Gungun manyan ƴan sandan nan na cikin littafi, masu hannun jari a harkar batsa da filaye, masu kashe shaidu, Peace ne ya ƙirƙire su. Binciken da gwamnati ta sa Lawrence Byford ya yi a 1981 sakaci ya gano, da rikicewar takardu, da makauniyar dogara ga kaset. Shi ma rahoton sai a 2006 aka fito da shi ga jama'a. Cin hancin filaye da kwangila kuwa ya faru a yankin, don a 1974 an ɗaure wani mai zanen gine-gine ɗan Yokshiya, John Poulson, saboda sayen jami'an gwamnati da kyaututtuka. Peace ya ɗauki waɗannan abubuwa da suka faru a warwatse ya zuba su tukunya ɗaya.

Me ya sa ya yi haka, kuma me ya sa nake ganin yana da hujja? Saboda rahoto yana gaya maka kuskuren da aka yi, amma ba ya shigar da kai ɗakin da aka yi shi. Littafin yana zaunar da kai a ɗakin tambayoyi da ƙarfe uku na dare, ka ga yadda mutumin da bai yi komi ba yake kaiwa ga cewa shi ne. Yana nuna maka jami'in da ya fara da karɓar kwalbar giya kyauta, ya saba da rufe ido, har ranar da abin da ake so ya rufe wa ido ya zama gawar yarinya, kuma ba ya iya magana don shi ma an san nasa. Wanda ya karɓi kuɗi ya saki mai laifi, da wanda ya doki marar laifi don ya rufe dosiye ya faranta wa maigidansa, da wanda ya ƙi sauraron mace don yana ganin ba mutuniyar kirki ba ce, hali ɗaya ke tafiyar da su. Kowannensu ya ɗauki ofishin nan kamar gonar gado, ba wanda zai tambaye shi. Mai kisan ɗauki ɗai-ɗai ba aljani ba ne. A irin wannan wurin yake samun shekara biyar yana yawo.

Ina da ƙorafi biyu a kan littattafan. Na ɗaya, duk da suna la'antar yadda aka wulaƙanta matan nan, mazan ne ke magana daga farko har ƙarshe, matan galibi gawa ne ko abin tausayi. Ƴan'uwana mata da ke rubutu, wannan giɓin naku ne. Na biyu, duhun ya yi yawa. Mutum zai iya rufe littafin ya ce to ai duk ɗaya ne, ba abin da zai canza, gara kowa ya yi ta kansa. Tarihin gaske bai ce haka ba.

A watan Nuwamba na 1977, da ƴan sanda suka ce mata su daina fita da dare, matan Lids suka fito cikin daren da fitilu suka yi zanga-zanga. Hujjarsu ita ce, namiji ne ke kisa, don me za a kulle mata? A 1984 aka yi dokar da ta tsara yadda ake tsare mutum da yi masa tambayoyi, da haƙƙinsa na ganin lauya, da naɗar tambayoyin a kaset, da zaman wani babba kusa da yaro ko mai raunin hankali. Bayan rahoton Byford aka koma haɗa bayanan manyan bincike a kwamfuta. A 1997 hukumar sake duba shari'o'in da ake zargin an yi zalunci ta fara aiki. A watan Nuwamba na 2020, ranar da Sutcliffe ya mutu, shugaban ƴan sandan Yokshiya ta Yamma ya fito ya nemi gafarar iyalan matan kan kalaman da manyansu suka yi amfani da su. Shekara 45 bayan gawar farko. Ya yi latti ƙwarai, amma ba daga sama ya faɗo ba, mutane ne suka ƙi yin shiru.

To mu dawo gida, kafin abokina ya ce ya ci shayi.

Ina da ƙane, ɗan goggona, ɗan kabu-kabu ne. Ba zan faɗi gari ba, ba zan faɗi ofishi ba. Wata rana ya iske mutum kwance a bakin hanya cikin jini, mota ta buge shi ta gudu. Ya ɗauke shi ya kai likita. Shi aka riƙe. Ya kwana biyu, sai da dangi suka haɗa jikka ashirin, ba resi, sannan aka ba shi babur ɗinsa. Bayan kamar shekara guda, da dare, ya ga wasu samari biyu sun tare wata yarinya a lungu, ya gane ɗaya daga cikinsu sarai. Ya yi ihu, suka gudu. Na ce masa mu je mu kai rahoto. Ya ce, "Yaya, ka manta abin da aka yi mini? Wallahi ko gawa na gani yanzu, kewayewa zan yi." Na rasa abin ce masa. Wanda ya karɓi jikka ashirin ɗin nan yana ganin ɗan abin cefane ya samu. Bai san ya sayar da shaida ba. Samarin nan biyu har yau ba wanda ya tambaye su komi.

Ban zo in ce ƴan sandanmu da jandarmominmu duk ɓatattu ne ba. Ƴan'uwanmu ne, wasu tare muka yi lakkal, wasu sun bar marayu a bakin aikin tsare mu. A labarin da na ba ku ma, wanda ya rubuta rahoton gaskiya ɗan sanda ne, wanda ya koma ya nemo guduma ɗan sanda ne. Irin waɗannan muna da su a kowace komisariya, kuma su ne suka fi kowa cutuwa idan jama'a suka daina kawo bayani. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Ga abin da nake roƙonmu.

Mu san doka, mu koyar da ita a fada kamar yadda muke koya wa juna sunayen ƴan ƙwallo. A laifuffukan yau da kullum, tsarewar gardabi awa 48 ce, ba a ƙara wasu 48 sai da izinin furokire. Ƙa'idar UEMOA ta 2014 ta ba lauya damar tsaya wa mutum tun daga lokacin da aka kama shi. Akwai hukumar ANAJJ da aka kafa a 2011 don taimaka wa marasa hali a gaban shari'a. Nijar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta hana azabtarwa tun 1998. Kada ka sa hannu ko ka dangwala yatsa a takardar da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Sa hannu ɗaya ne ya ci wa Kiszko shekara 16.

In an tafi da wani naku, ku rubuta rana da lokaci da wurin da aka kai shi, ku je ku biyu ko uku, cikin ladabi. In an ce tara ce, ku biya, ku nemi resi. Mu ma mu daina saurin miƙa hannu don a bar mu mu wuce ba takarda. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

In aka wayi gari an tsinci gawar mace, ko yarinya ta ɓata, don Allah kada tambayarmu ta farko ta zama me ya fitar da ita. Tallar goro take, gidan biki ta je, zaman kanta take, rai dai rai ne, kuma wanda ya kashe ta gobe ba zai tambayi ƙanwarka takardar shaidar hali ba. Mu daina yawo da hotunan gawa a WhatsApp, tana da uwa.

Mu daina ɗaukar doka a hannu. In aka yi ihun ɓarawo muka taru muka kashe mutum, abin da aka yi wa Kiszko muka yi, har mun fi, don shi an samu damar wanke shi yana raye. In ba shi ba ne, mun rufe dosiye da hannunmu, mai laifin yana cikin taron yana taya mu jifa.

Na ƙarshe, ga masu rubutu da masu kamara. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta shiga unguwar Kara-Kara ta yi fim ɗin Zinder da ya fito a 2021, ta zauna da samarin fale da matan da gari ya juya wa baya, ta bar su suka yi magana da bakinsu, duniya ta kalla. Ke nan ana iyawa. Muna da marubuta da yawa da ke sakin labari babi-babi a WhatsApp da Facebook, mutane na jira kamar ruwan sama. Soyayya ba laifi ba ce, amma ina labarin ɗan kabu-kabun da ya ga abu ya yi shiru? Ina na ƙaramar jami'ar da ta rubuta rahoton gaskiya aka sa shi a durowa? Ina na uwar da ke kai tuwo gidan kaso shekara uku ɗanta bai ga alƙali ba? Ƙagaggen labari yana iya faɗin abin da in ka faɗe shi da suna za ka kwana a gardabi. Ku rubuta da Hausa, yadda goggona za ta ji in an karanta mata.

Wanda ke son littattafan, ina da biyu na farko da Faransanci, ya same ni bayan an tashi, amma a dawo mini da su. Abokina na baya, ka yanke hukuncinka, ko ta wane gefe ya faɗa ni dai gobe ina fada.

Allah Ya jiƙan waɗanda aka kashe ba da haƙƙi ba, Ya fitar da waɗanda ke tsare ba su ji ba ba su gani ba, Ya ƙarfafa masu gaskiya a cikin jami'anmu.